Motar da Rufino Ya Bari a Tsakar Gida

Cruz del Eje, Fabrairu 1988

Dogo,

Ina gaishe ka, da fatan ka sauka lafiya, iskar kudu ba ta yi awon gaba da kai tun daga bakin jirgi ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kumburin ƙafar Mamanka ya ragu, har ta taka zuwa coci da kanta ranar Lahadi. Yayana Tulio yana gaishe ka, ya ce ka duba jakarka, sifanarsa ta bi ka.

Motar taka Torino tana nan inda ka bar ta, a kan tubala, ƙarƙashin rumfar inabi. Katangar da ka fasa don a shigo da ita har yanzu a fashe take, karnukan unguwa sun mayar da wurin hanya. Baƙin mai yana ɗiga daga cikinta, ya kashe min furanni tukunya biyu. Jiya maƙwabciyarmu Doña Pocha ta leƙo ta saman katanga ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Nelida, tsakaninki da Allah, wannan saye ya yi ko tsintuwa? Ai marigayi Don Zenon mai ita, ranar da aka kai shi makwanci ya fi ta kyan gani." Na yi dariya don kada ta ga fuskata.

Shekara guda ina jiran hutunka, da ka zo kuma ƙafafunka kawai na gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Na fi sanin tafin takalminka da fuskarka. Ban da ranar nan da aka wuni ana ruwa, ka rasa yadda za ka yi, dole ka shigo ɗaki, da na ce ban yi baƙo ba.

Kwanan nan da safe zuciyata tashi take yi, ko shayinmu na mate ba na iya sha, warin fetur kuwa kamar zai kashe ni. Ban gaya wa kowa ba. Ba na so in ce komai tukuna, ka san dalili.

Taka,
Nelida

Rio Grande, Maris 1988

'Yar tsohuwata,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, na ji daɗin labarin ƙafar Mama. Ni ma ƙalau nake, sai tari kaɗan. Sanyi ya fara leƙowa, iska kuwa kin san ta, ba ta hutun Lahadi. Ki ce wa Tulio sifanarsa tana hannu mai kyau. Ki ce wa Pocha ranar da motar nan ta tashi, ba za ta shiga ba ko ta durƙusa.

Tashin zuciyar nan, fetur ne. Tsohon mai ne a tankin, ya yi shekaru, ni kaina ya sa ni ciwon kai. Ki sa Tulio ya zo ya tsiyaye shi ya zubar can nesa. Kuma na gane dalilin shirunki, ba kya so Mama ta ce na kawo miki ciwo gida. Na gode, kin rufa min asiri.

Na san kina fushi, kuma kina da gaskiya. Amma ki saurare ni. Ina yaro ina koyon aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, Don Zenon yakan wuce ta bakin ƙofarmu a motar nan, ja wur, ƙofa biyu, ƙarar injinta sai ka ji ta a ƙirji. Dukkanmu mukan ajiye guduma mu bi ta da kallo. Yau an rufe ma'aikatar, waɗanda muka yi kallon tare sun watse, ita kuma na same ta kaji suna ƙwai a kujerar baya. A nan daga safe zuwa yamma ina zaune ina liƙa 'yan wayoyi a cikin talabijin, abin ya wuce gaba a kan bel, wani ya iso. Ban taɓa ganin ko ɗaya a kunne ba. Ina so in taɓa abu da hannuna in ji ya yi numfashi, Nelida. Shi ke nan.

Injinta lafiyayye ne, na rantse. Bodin ne ya sha tsatsa, wannan kuwa aikin walda ne. Na samu wani mutum a nan yana da kafireta uku irin nata, muna ciniki. Abu ɗaya nake roƙonki: gilashin gaban nan, babu irinsa ko'ina yanzu. In kin ga hadarin ƙanƙara ya taso, ki rufa mata barguna. In ya fashe an gama.

Da ita zan kai ki ki ga teku, ki rubuta ki ajiye.

Mijinki,
Rufino

Cruz del Eje, Maris 1988

Dogo,

Gaisuwa. Mama lafiya, Tulio lafiya, ya tsiyaye man kamar yadda ka ce. Ka nemi zuma ka sha don tarin nan.

Ba fetur ba ne, jakin Allah. Ciki ne da ni.

Na je asibiti, likita ya tabbatar. Na zauna a benci a waje na kasa tashi, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Shekarata talatin da tara, na riga na ba da kayan jariran da na ɗinka wancan karon. Da na gaya wa likitan na yi ɓari sau biyu, sai ya cire tabarau ya ce, "Señora, kada ki ɗauki ko bokiti. Ki kwanta, ki bar gidan ya yi datti."

Tsoro nake ji, Rufino. Ko atishawa na yi sai na tsaya na saurari jikina. Ba na cewa ka bar aiki, na san abin da muke ci daga can yake zuwa. Amma ka roƙi shugabanka ya ba ka ko 'yan kwanaki yanzu, in bai yiwu ba, to hutun hunturu na watan Yuli kada ka ba kowa shi. Nawa ne.

Ka amsa min da wuri. Kai kaɗai ka sani, sai Tulio, shi ma don ya kama ni ina amai a bayan motarka ne.

Nelida

Rio Grande, Afrilu 1988

'Yar tsohuwata,

Da fatan kuna lafiya, ke da Mama. Tarin ya tafi. Shiru ban ga amsarki ba, na ce ko fushin ne bai huce ba. Ba komai, ina da haƙuri.

Na tashi daga gidan hayar matar nan mai kuliyoyi tun farkon watan jiya. Yanzu ina ɗaki ɗaya da wasu 'yan lardin Salta uku, ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ɗayansu yana minshari kamar tirakta. Sabon adireshin yana ƙasan takardar nan, can za ki riƙa aikowa.

Buɗe kwalin nan a hankali. Na same su! Kafireta uku, sun ɗan yi baƙi amma babu abin da ya taɓa su. Mutumin ya so ya ja min rai, na ce masa, "Malam, kai ajiye su kake yi, ni aure zan ɗaura musu." Ya yi dariya ya sallama. Ki ajiye su inda babu laima. Na sa wasiƙar cikin kwalin don in huta da sayen kan sarki.

Wani abu kuma, kada ki ɓata rai. Ana neman masu aikin ƙari a lokacin hutun Yuli, na sa hannu. Da abin da zan samu za a yi waldar ƙasan motar gaba ɗaya. In na zo Kirsimeti sai fenti kawai.

Naki,
Rufino

Cruz del Eje, Mayu 1988

Rufino,

Ina gaishe ka. Mama tana nan lafiya. Ni ma na tashi, ina ɗan zagayawa cikin gida.

Kwalinka ya iso shekaranjiya, ya daɗe a hanya. Da na ga sabon adireshi sai na gane wasiƙata ta Maris tana can gidan mai kuliyoyi, ita da wayar tangarahun da Tulio ya buga maka daga baya. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ka karanta ka yi shiru ne. To bari in faɗa maka abin da ke ciki, da abin da ya biyo baya.

Ina da ciki, Rufino. Ina nufin dā ina da shi. Na ranar ruwan nan ne.

A ƙarshen Afrilu, wata rana da la'asar, gari ya yi baƙi daga wajen duwatsu, iska ta tsaya cak. Na san ƙanƙara ce. Tulio yana gareji, Mama ba ta iya ɗaga komai. Na kwaso barguna har da na gadonmu, na jawo akwatin zaitun na taka na rufe gilashin. Pocha tana ihu ta saman katanga, "Ke Nelida, kin haukace? Sauko, ƙarfen banza ne!" Ƙanƙarar ta sauko kamar ƙwan tattabara, ta kakkaɓe ganyen rumfar tas. Gilashinka bai fashe ba.

Bayan kamar mako guda, da safe ina shara, na ji abin da na riga na sani. Tulio ya kai ni asibiti a a-kori-kurarsa, yana tuƙi yana zagin kowa a hanya. Ba su iya yin komai ba. Wata nas ta ce min namiji ne. Ban tambaye ta ba.

Na san abin da za ka fara tunani, don ni ma shi na fara. Na tambayi likita ko hawa akwatin ne. Ya ce a'a, ko a gado na wuni abin da zai faru ke nan, mahaifar ce ba ta riƙo. Na sake tambayarsa, ya sake faɗa. Na rubuta maka yadda ya ce, ka yi yadda za ka yi da shi.

Da kwalin ya zo Mama ta ce, "Buɗe mu gani, ɗana ya ji labari ya aiko miki da abin arziki." Na buɗe a gabanta. Ta kalli abin da ke ciki, ta kalle ni, ta tashi ta shige ɗakinta.

Suna kan kabad, babu laima a wurin.

Nelida

Rio Grande, Yuni 1988

Nelida,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Yaya jikin? Kina cin abinci?

Ina gama karanta wasiƙarki na fita ko kwat ban ɗauka ba, na je gidan matar mai kuliyoyi. Ta miƙo min wasiƙar da wayar daga bayan agogo, ta ce, "Na ɗauka za ka leƙo ai." Na karanta a tsaye a bakin ƙofarta. Kin ce in amsa miki da wuri.

Likita ya faɗi abin da ake gaya wa mutane don su iya barci. Ni na ce ki rufa mata barguna. Da hannuna na rubuta.

Ki sayar da ita. In babu mai saye, Tulio ya ja ta zuwa bakin rafi ya cinna mata wuta. Ba na son in sake ganinta.

Na je wajen shugaba, ya ce duk da na sa hannu ba zai hana ni tafiya ba, amma ba zai riƙe min gurbina fiye da mako biyu ba. Ki ce in zo, gobe in hau jirgi.

Rufino

Cruz del Eje, Yuli 1988

Rufino,

Jiki da sauƙi, ina ci. Mama tana fama da mura, ba mai tsanani ba.

Na yi yadda ka ce. Wani mutum ya zo daga Dean Funes da ɗan tumbinsa da sigarinsa, ya zagaya ta yana buga bodin da yatsa. Da ya ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ya ga tsakar gidanmu ta cikin ramin. Ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya fito yana kaɗe wando ya ce, "Señora, gilashin kawai zan saya." Na ce masa gilashin ba na sayarwa ba ne. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Tulio ya duba bayan tafiyarsa. Ya ce ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya ya ruɓe daga ciki, an shafe shi da kwalta ne kawai, yana sa sukudireba ya shige kamar cikin burodi. Ya ce ko an yi walda ba zai yarda ƙanwarsa ta shiga ba. Maganar ƙonawa kuwa ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Ka daina cewa kai ne. In ka ɗauke laifin duka ka rungume, ni me ya rage min? Sai in koma lallashinka, ni kuwa ba ni da ƙarfin lallashin kowa.

Ka ce in ce ka zo. Kada ka zo min na mako biyu, Rufino. Ba zan iya ganinka tsaye a tsakar gida kana kallona da idon tausayi ba, sannan in sake raka ka tasha in dawo ni kaɗai. Wannan na gama shi.

Nelida

Rio Grande, Agusta 1988

Nelida,

Na gode Allah da jiki ya yi sauƙi. A gaida Mama da mura.

Na ji abin da kika ce, kuma ban ga laifinki ba. Ni ma da ni ne ke, ba zan so ganin fuskata ba. Ba zan zo ba sai ranar da kika neme ni. Saƙon wata zai ci gaba da zuwa kamar kullum.

Rufino

Cruz del Eje, Janairu 1989

Rufino,

Barka da sabuwar shekara. Da fatan kana lafiya. Katinka na Kirsimeti ya iso, mai hoton tumaki.

Ran jajibirin Kirsimeti na sa Tulio ya gasa ɗan akuya, na shimfiɗa teburi a tsakar gida da faranti ɗaya na ƙari. Duk bas ɗin da ta tsaya a kwana sai Mama ta gyara gashinta. Ba ka zo ba.

Cewa na yi kada ka zo na mako biyu. Ban ce kada ka zo ba. So nake ka tattaro kayanka ka dawo gida gaba ɗaya, mu ci zaitun da burodi in ta kama. Na zaci za ka gane ba sai na roƙa ba. Na sha zama zan rubuta maka in warware, sai in ce a raina, har wannan ma sai na fassara masa?

Zan tafi Cordoba wajen ƙanwata Mirta. Ta samar min aiki a wani gidan wanki da guga. Mama ta koma wajen yayarka, ta tafi da kajinta. Makulli yana hannun Pocha. Ka daina aiko da saƙon wata ɗin nan, ka aika wa Mama.

Ba don na tsane ka ba ne. Na gaji da buɗe taga kowace safiya in ga abin nan.

Nelida

Cruz del Eje, Agusta 1989

Nelida,

Ina gaishe ki, ina gaida Mirta da yaranta. Da fatan aikin bai fi ƙarfinki ba. Wasiƙun da na aiko ta hannunta ban ji amsa ba, ban sani ba ko sun isa.

Ki duba saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu. An rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Abin da na tara kuwa tsadar bana ta cinye shi kafin in sauka daga bas. Na je na ga Mama, ta rame, ta kira ni da sunan Babana sau biyu.

Pocha ta ba ni makulli ba ta ce min ko sannu ba. Sai da na juya ta ce, "Ka makara, Dogo." Na ce na sani.

Bargunan suna kan gilashin har yanzu, rana da ruwa sun cinye su. Na gane na gadonmu. Na yi kwanaki ina zagaye motar ban taɓa ta ba. Na nemi aiki a gidajen matsar zaitun, sun ce sai kaka. Ranar Talata na rasa abin da zan yi da hannuwana, na sauko da kwalin daga kan kabad. Tulio ya ƙi zuwa, amma ya aiko min da batir.

Ta tashi, Nelida. Jiya da rana. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama. Ƙarar nan ce dai, ba ta canza ba, har tagogin kicin suna rawa. Na zauna a kujerar direba, ƙafafuna a kan katakon da na shimfiɗa a ramin, tana kan tubala babu taya. Na jira in ji abin da na yi shekaru ina jira in ji. Ban ji komai ba. Na leƙa ƙofar kicin don in kira ki ki gani.

Tulio ya yi gaskiya, ba za ta taɓa hawa titi ba, na duba da idona.

Na gyara katangar. Ban san me zan yi bayan wannan ba. In kin yarda in gan ki, ki faɗa min a fili, don kin san ni.

Mijinki,
Rufino

Cordoba, Satumba 1989

Rufino,

Muna lafiya. Mirta ta amsa gaisuwa. Aikin da zafi, hannuwana sun tsattsage, amma ina barci, wanda dā ba na yi. Wasiƙunka duk sun iso, na karanta su.

Na ji labarin tun kafin ka rubuto. Pocha ta bugo wa Mirta waya a kantin magani, ta ce duk layin sai da aka fito, har Fadan coci ya aiko a tambaya ko lafiya. Na yi maka murna, da gaske nake. Na kuma shiga bayan injin wanki na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Ka ce in faɗa a fili, to ga shi. Ba zan dawo gidan nan ba, ko da motar ko babu ita. Ba na jin akwai abin da ya rage a jikina da za ka gyara. Ina tuna ka in na ga dogon mutum a tasha, amma in na tuna ka sai in tuna sauran, ban san yadda zan raba su ba. Ban yi maka alkawarin komai ba, kada ka karanta abin da ban rubuta ba.

Ka riƙa zuwa wajen Mama kullum, ko ba ta gane ka ba.

Ranar Lahadi ina tashi daga aiki da azahar, nakan zauna a dandalin da ke bayan kasuwa kafin in koma gida. In za ka zo, ka wanke hannunka, ka zo a bas.

Nelida